Sai Kifin Ƙarshe Ya Mutu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Goggo da ke kumbura in ta daɗe a zaune. Likita ya canja mata magani, tana sha in ta ga dama.

Wasiƙarka ta iso, na karanta mata har muryata ta dushe. Ka san ba ta yarda da waya ba. Ta ce muryar da ke fitowa a ciki ba taka ba ce, ita takarda take so, wadda za ta tura ƙarƙashin matashi. To ni ce bakinka a gidan nan, ko ina so ko ba na so. Ta ce a gaishe ka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Yanzu ga tawa maganar, wadda ba Goggo ce ta aiko ni ba. Ni da kai dangin nesa ne, kakana da kakarka ne wa da ƙanwa, amma mace ɗaya ta raine mu a ɗaki ɗaya, saboda haka ba zan yi maka kara ba. Ni nake tayar da ita da safe, ni nake yi mata wanka, ni nake rufe shagon ɗinki da rana tsaka in hau bene in ga ko ta ci. Jiya mai kawo mana gas ya shigo, ta tsare bawan Allah da labarinka, wai Autanta yana can yana haɗa maganin tsufa. Da ya gaji ya ce mata, “To Babba fa?” Sai ta ce, “Babba? Ai tana nan.” Shi ke nan rabona. Ina tsaye a bayanta da kwanon wanke hannu.

Abin ya ci min rai, ba zan ɓoye maka ba. Kai ka aiko takarda ɗaya ka kwashe yabon wata guda.

Yaushe za ka zo? Kuma ka yi min bayanin aikin nan naka da Hausar da zan gane, don mutane suna tambayata a shago ina kame-kame.

Yayarka, Babba.

*

Yaya Babba,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunki, duk da kin murɗe min kunne a ciki. Ina lafiya, sai ciwon baya na yawan sunkuyo. Ƙafar Goggo ta tsaya min a rai. Takarda ta farko tata ce, wannan ta biyun taki ce ke kaɗai.

Don Allah ki hana ta cewa maganin tsufa nake haɗawa, kada wani ya biyo ki da kwalba. Kifi nake kiwo. Ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsanki ba, kuma Allah ya yi su da gajeren kwana. Cikin 'yan watanni sun girma, sun tsufa, sun mutu. Abin da mutum zai yi tsawon rayuwarsa kafin ya bayyana a jikinsa, a nasu jikin kina kallonsa kafin shekara ta zagayo. Launi ya dushe, baya ya lanƙwashe, iyo ya zama da ƙyar.

A jikin kowace halitta akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ta samo daga iyaye, su suke ba jiki umarnin abin da zai yi. Tun kifayen suna ƙwai muka kashe ƙwaya ɗaya a jikin rabinsu, sauran rabin muka bar su yadda suke, don mu ga su wa za su fi daɗewa. Kowane kifi da akwatin gilashinsa, lamba kawai aka manna a jiki. Ni kaina ban san wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta ce kaɗai ta sani, kuma ba za ta faɗa ba sai an gama, don kada son zuciya ya sa in fi lallaɓa wasu.

Duk wanda ya mutu, dole in cire ƙwaƙwalwarsa da hantarsa nan take in daskarar da su. Daga baya na'ura za ta karanta mana waɗanne ƙwayoyin gado ne a farke a jikin tsohon kifi, waɗanne suka yi barci. In na makara naman ya lalace, wahalar watanni ta tafi a banza. To kin ji abin da ya ɗaure ni. Ba a gamawa sai kifin ƙarshe ya mutu. Ranar da ya mutu, washegari ina hanya.

Kin ce ta ce kina nan. Yaya, ni da za a faɗi haka a kaina da na gode. Ke kin san abin da take ci da abin da take turewa, kin san yadda dariyarta ta koma yanzu. Ni sai abin da kika ga dama kika rubuto min. Ina kishinki, in ba ki sani ba ki sani.

Ƙaninki, Auta.

*

Auta mai kifi,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ƙafa ta saɓe, amma yanzu ba ta son sauka daga bene ko kaɗan. Ya bayan naka?

Dabararka ta takarda biyu ba ta yi ba. Kunnen Goggo ne ya yi nauyi, idonta garau yake. Ta ga na ninke ta biyun zan sa a aljihu, ta ce, “Wannan fa, ta kare ce?” Dole na karanta mata, na dai tsallake ƙarshen da kake maganar kishi, don wannan tsakaninmu ne.

Ka ja min. Tun ranar, duk sallar da ta idar sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ja kwanan kifin Auta. Na ce, “Goggo, in kifin ya daɗe fa Auta ba zai zo ba.” Ta harare ni ta ce, “In ya daɗe ai aikin yaron ya yi kyau ke nan. Ke kin fi son ya dawo hannu biyu?” Ka ga ta fi ni gane bincikenka.

Na ɗinka mata sabuwar riga mai faɗin wuya, don kada in riƙa wahalar da kafaɗarta wajen sawa. Na ajiye ɗinkin mutane na yi mata. Na sa mata, na kawo madubi, ta dubi kanta ta ce, “Shin kifin nan wane launi ne?” Ni dai tunda nake ban taɓa zaton zan yi kishi da abin da bai kai ɗan yatsana ba. Wallahi da zan ga akwatin nan, ban san abin da zan yi ba. Ka dai gode Allah akwai nisa.

Wani abu kuma. Shekaranjiya na buɗe firji na tarar da takalminta a ciki. Ta ce ba ita ba ce. Da yamma mai gas ya leƙo, ta kira shi da sunan mijinta marigayi, har tana yi masa faɗan ya daɗe a waje. Na yi dariya a gabanta. Da na sauko shago na kasa zura zare a allura.

Kifi nawa suka rage?

Babba.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na gode da addu'ar Goggo, ki ce mata tana karɓuwa. Bayana da sauƙi. Ki ce mata kifin ja ne da ratsin shuɗi, amma yanzu ya koɗe.

Yaya, abin da ke faruwa a nan ya fi ƙarfin bakina. Yawancinsu sun mutu a lokacin da aka saba, amma akwai 'yan kaɗan da suka ƙi. Sun wuce shekarun da muka taɓa gani a ɗakin binciken nan, in dai za a kira watanni shekaru. Tun suna ƙanana na koya musu cewa in na kunna jar fitila abinci ya zo. Tsofaffin da suka mutu duk sai da suka manta da wannan kafin ƙarshensu, in kunna fitila su yi ta kallona. Amma akwai guda a akwatin kusa da taga, bayansa ya gama lanƙwashewa, har yau ina kunnawa zai taho. Farfesa ta tsaya a kansa jiya ta daɗe tana kallonsa. Ban san ko cikin waɗanda aka taɓa yake ba, amma zuciyata tana gaya min.

Akwai wanda muke zama benci ɗaya da shi, muna ce masa Mai Tsutsa, don shi da tsutsotsi yake nasa binciken. Nasa cikin 'yan makonni suke mutuwa, har ya gama ya je hutu ya dawo. Ya ce in bar masa kifayen in je gida. Na ƙi. Ni na raine su tun suna ƙwai, sai yanzu da abin ya nuna, wani ya zo ya cire ƙwaƙwalwar na ƙarshe, a rubuta sunansa kusa da nawa? Ban yarda ba.

Maganar takalmi a firji, kada ki tayar da hankalinki, mantuwa ai ta tsufa ce. Amma ki riƙa sauko da ita tana ɗan tafiya kullum, zaman wuri ɗaya ba shi da kyau. Ki rage mata sukari a shayi. Ki riƙa yi mata hira kan abubuwan da, yana motsa ƙwaƙwalwa. In shago yana hana ki, ki ɗan rage ɗinkin na wani lokaci.

Saura ƙiris.

Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Na ga umarninka, ranka ya daɗe. A sauko da ita, a rage sukari, a yi mata hira, a rage ɗinki. Ka taɓa ɗaukar Goggo a bayanka ka sauko benen nan? Kai da ka ƙi yarda wani ya taɓa maka kifi, ni kake koya wa yadda ake riƙon tsohuwa daga inda kake zaune.

Na karanta mata labarin na kusa da taga. Ta yi ta murna, ta ce in rubuta maka kada ka kuskura ka taso sai ka gama. To na rubuta.

Ka zauna da kifinka. Mun iya da kanmu, ba ma bukatar kowa.

Babba.

*

Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da Goggo. Ni lafiya, sai dai ba na jin daɗin abinci.

Na aiko wasiƙa biyu ba amsa. Na kira wayarki, in kin ɗauka sai ki ce kina da mutane a shago, lafiya lau, sai an jima. Kin ce in zauna, na zauna. Kin ce kun iya, na yarda, don ban taɓa sanin kin faɗi abin da ba haka ba. To shirun na mene ne?

Saura kifi ɗaya, na kusa da taga. Kullum da safe in na buɗe ƙofar ɗakin binciken, akwatinsa nake fara dubawa. Rabin zuciyata tana so in same shi yana iyo, rabi tana so in same shi a kwance in haɗa kayana. Ba na iya gaya wa kowa a nan.

Bari in faɗi abin da ke raina, ki yi fushi in za ki yi. Gani nake kin samu yadda kike so. Kin rufe ƙofa, ke da ita, ni kuma ina waje. Ban ma sani ba ko kina karanta mata takarduna ko suna cikin aljihun keken ɗinki. Tun muna yara haka kike, in Goggo ta ɗora ni a cinya sai ki ce cikinki na ciwo.

In shawarar da na bayar ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri. Amma ki rubuto min ko layi biyu ne, in san me ta ce.

Auta.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Jikinta lafiya, tana ci tana sha, ƙafar ma ba ta kumbura. Sauran kuma ga shi.

Takardunka duk na karanta mata, ko ɗaya ban ɓoye ba, suna ƙarƙashin matashinta. Abin da ya hana ni rubutu shi ne ban san yadda zan fara ba, kuma ina jin haushinka.

Goggo ba ta gane mutane yanzu. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda suka yi shekara da shekaru suna hira a baranda, ta hawo gaishe ta, Goggo ta ja mayafi ta tambaye ni wace ce. Likita ya zo, ta ƙi ba shi hannu. Ya ce abin yana sauri, kuma ba ya komawa baya. Na nuna mata hotonka na bango, wanda ka sa rigar kammala karatu, ta ce yaron yana da kyau, ɗan wa ne.

Amma in na ɗauko takarda na ce daga Auta, sai fuskarta ta washe. Ta san Auta, ta san kifi, ta san taga. Ni kuma ta san ni. Ni kaɗai take yarda in ba ta abinci, in na fita ɗaki sai ta yi ta kiran Babba, Babba, har in dawo. Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, in ji sunana a bakinta fiye da naka. Na samu, kuma ba na so. Da ta koma cewa “ai tana nan” da na fi kowa murna.

Ka ce na ce ka zauna. Kai yanzu duk karatunka ba ka san ni ba? Yaushe na taɓa cewa ba na bukatar kowa in ba wuya ce ta kai min iya wuya ba? Kana gane kifi ya tsufa daga yadda yake juya jela, amma ka karanta layin nan ka ce to madalla.

Ka ba Mai Tsutsa kifin. A rubuta sunansa, a rubuta na kakansa ma in ana so. Ka taho.

Yayarka.

*

Yaya,

Sallama daga ɗakin da ke kallon naku. Na kwana lafiya, in za a kira shi kwana. Ina jin motsinki a kicin, amma na kasa fitowa in yi magana, shi ya sa na ɗauki biro.

Na bar kifin a hannun Mai Tsutsa. Na nuna masa yadda ake kunna fitila da inda wuƙaƙen suke, Farfesa ta ce za a sa sunanmu tare. Ko a jikina. Da na yi haka tun ranar da ya fara tayi.

Kina wurin jiya, kin gani, amma bari in faɗa don ya fita daga ƙirjina. Na durƙusa na kama hannunta, ta zare a hankali, irin yadda take yi wa baƙi don kada su ji kunya. Ta ce, “Sannu da zuwa, bawan Allah, daga ina?” Na ce, “Goggo, Auta ne.” Ta yi dariya ta dube ki ta ce, “Ji wannan. Auta yana can wurin kifinsa.” Sannan ta jawo gefen zanenki ta riƙe, ba ta saki ba har na tashi.

Na tsaya a ƙofa ina kallo kina ba ta shayi. Kin san daidai inda za ki tsaya da cokali, ta san daidai lokacin da za ta buɗe baki. Ban taɓa jin kishin wani mahaluki kamar yadda na ji naki a lokacin ba.

Tunda a muryarki kaɗai ta san ni, ga takarda na haɗo. Na ce mata ina lafiya, ina cin abinci a kan lokaci, kifin yana nan yana zuwa in an kunna fitila. Na ce mata na tuna ranar da ta raka ni makaranta ta tsaya a bakin ƙofa har aka tashi, don na ce ina tsoro. Ki karanta mata yadda kika saba. Zan tsaya a bayan labule, ba zan yi motsi ba.

Auta.

*

Auta,

Na ga ka koma ɗaki ka rufe, to ga amsa ta ƙarƙashin ƙofa. Tana lafiya, ta yi barcin rana.

Ka ji farkon da kunnenka, amma ka gudu kafin a ƙare. Da na kai wurin labarin makaranta ta ce, “Ya cika tsoro, yaron nan.” Ta karɓi takardar ta shafa, ta tura ƙarƙashin matashi. Ta ce in rubuta maka kada ka damu da ita, Babba tana kula da ita sosai, ka zauna ka gama aikinka. Ka ji, sai yau na samu yabo, shi ma a cikin saƙonka aka naɗo shi.

Can kuma ta ce, “Baƙon nan na jiya ya ci abinci?” Na ce ya ci. Ta ce, “Yana da ladabi, amma idonsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ba shi da kowa ne?” Na ce yana da yaya. Ta ce to yayar ta riƙa duba shi.

Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Ka zama mutum biyu a gidan nan, na takarda da baƙo, kuma duka biyun sun shiga ranta.

Gobe da safe in na gama yi mata wanka ana shafa mata mai a ƙafa. Na tambaye ta ko baƙon zai iya riƙe ƙafar, don hannuna ya gaji, ta ce ba komai. Ka fito da wuri in nuna maka yadda ake yi, ba a matsawa wajen idon sawu. Kada ka ce mata kai ne. Ka bari ta kira ka abin da ta ga dama.

Ka kira Mai Tsutsa ka ji ko kifin ya kwana, don za ta tambaya, ni kuma ba na yi mata ƙarya. Sannan ka rubuta mata wata wasiƙar. Akwai takarda a aljihun keken ɗinki, abincinka kuma yana kan tebur, ya fara hucewa.

Yayarka, Babba.